Wasan "Wa Ke Da Shi?": Tambayoyi da Amsoshi Kan Bitar Kalmomin Ajiyar Bayanai a Kwamfuta

Wannan shafi na malaman da ke koyar da darasin kwamfuta ne a ƙaramar sakandare da ajin farko na babbar sakandare, musamman waɗanda ajinsu ya cika maƙil kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Wasan da muke magana a kai na kati ne, ba ya bukatar kwamfuta ko guda. Amfaninsa bita. Ba a fara koyar da darasi da shi.

Yaya wasan yake?

Kowane kati yana ɗauke da abu biyu: amsa a sama, tambaya a ƙasa. Amsar da ke kan kati ba ta tambayar da ke kansa ba ce, ta tambayar wani katin ce da ke hannun wani ɗalibi. Mai katin farko ya miƙe ya karanta tambayarsa: "Wa ke da rukunin bit 8?" Wanda ke riƙe da amsar ya miƙe ya ce: "Ina da bayit. Wa ke da ma'ajiyar da abin da ke cikinta ke gushewa da zarar an kashe kwamfuta?" Wata daga baya ta ce: "Ina da RAM. Wa ke da faifan da ke ɗaukar megabayit 700?" Haka za a yi ta tafiya kamar sarƙa, har tambayar ƙarshe ta dawo kan amsar da ke saman katin farko.

Abin da ya sa muke fifita shi a kan kacici-kacin da malami ke jefa tambaya a ɗaga hannu shi ne, a can yara biyar ɗin nan na layin gaba su ke cinye darasin. A nan kuwa ba wanda ya san lokacin da za a zo kansa, kuma in ya yi shiru wasan kowa ya tsaya.

Me zan tanada?

Farar takarda A4 guda 5, ko kwali in akwai hali, da almakashi, da maka baƙa da ja, da roba ta ɗaure kati, da ambulan, da agogo. In ka ninke takardar A4 sau uku ka yanka, za ka sami kati 8, kowanne santimita 7.4 a 10.5. Takarda 5 ta ba ka kati 40: ka yi amfani da 36, ka ajiye 4 na maye gurbin wanda ya yage. Rubuta amsa da ja, tambaya da baƙi. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi ke hana yaro ya miƙe ya karanta tambaya kafin amsa.

Abu mafi muhimmanci shi ne takardar malami: jerin tambayoyi da amsoshin duka bi da bi. Ba ta fita daga hannunka. Ranar da kati ɗaya ya ɓace, ko wani ya tafi da shi gida a aljihu, ita ce za ta nuna maka inda sarƙar ta tsinke.

Ta yaya zan rubuta katunan sarƙar ba ta tsinke ba?

Kada ka fara da katunan. Fara da tebur a littafinka: layi 36, kowane layi tambaya da amsarta. Sannan ka ɗauki amsar layi na 1 ka haɗa da tambayar layi na 2 a kati ɗaya, amsar layi na 2 da tambayar layi na 3, haka har ƙasa. Amsar layi na 36 ta hau kati ɗaya da tambayar layi na 1. Kada ka sa wa katunan lamba a fuska, domin yara za su gane cikin minti biyu su daina sauraro su koma ƙirga. In kana so ka riƙa tantance su, sa alamar da kai kaɗai ka san ma'anarta a baya.

Inda aka fi samun matsala shi ne tambaya mai amsa fiye da ɗaya. "Wa ke da faifan da ake karantawa da hasken leza?" Nan take mutum uku za su miƙe, mai CD da mai DVD da mai Blu-ray, kuma duk gaskiyarsu. In ka bar na farkon da ya miƙe ya ci gaba, sarƙar ta tsallake kati goma ko fiye, masu su kuma su zauna har a tashi ba a kira su ba. Maganin shi ne ka ƙara abin da ya keɓanta da ɗaya: "faifan leza mai ɗaukar gigabayit 4.7" DVD ne kawai, "mai ɗaukar gigabayit 25" Blu-ray ne. Haka ma "ma'ajiyar da ba ta da wani abu mai juyawa a ciki": SSD da filashi da memorin waya duk sun shiga. Sai ka ce "wadda ake sokawa a kafar USB", ko "wadda ta maye gurbin hadis (hard disk) a cikin sababbin kwamfutocin cinya".

Kafin ka kai wa aji, baje katunan a tabarma ka bi sarƙar da kanka daga farko har ta zagayo. In kati ya rage a gefe, akwai kuskure.

Waɗanne kalmomi ya kamata su shiga?

Duba manhajar ajinka da littafin da makaranta ke amfani da shi, amma galibi ba sa wuce kashi huɗu. Ma'aunai: bit, nibul mai bit 4, bayit, kilobayit, megabayit, gigabayit, terabayit. Ma'ajiyar farko: RAM, ROM, kash (cache). Ma'ajiya ta biyu: hadis, SSD, filashi, katin memori, CD, DVD, kaset mai maganaɗisu, da fulofi mai megabayit 1.44, wanda yawancin yaran yanzu ba su taɓa gani ba sai a hoton maɓallin adanawa, amma har yau yana cikin littattafai. Sai ayyuka da siffofi: adanawa, kwafi na ko-ta-kwana, fomatin, fayil, folda, ajiya a intanet irin ta Google Drive mai ba da gigabayit 15 kyauta, da rabe-raben ma'ajiya zuwa mai maganaɗisu, mai hasken leza, da mai ƙwayar lantarki.

Ka sa kamar kati 6 na lissafi a tsakani, irin su "Wa ke da adadin bit a cikin bayit 3?", amsa 24. Ba su kaɗai za su zama wasan ba, amma in babu su yara za su haddace sunaye ba su san girman komai ba.

Ɗalibaina sun kai 80, kati kuma 36 ne. Yaya zan yi?

Kada ka ƙara kati. Sarƙar da ta wuce 40 tana cin lokaci, kuma wanda aka kira da wuri zai gaji da jira. Ka ba kowane mutum biyu kati ɗaya, wasu uku: ɗaya ya faɗi amsa, ɗayan ya karanta tambaya. Wannan yana taimakon mai in'ina da mai jin kunyar magana a gaban aji, tun da ba shi kaɗai zai miƙe ba. In kuma ɗaliban ba su kai 36 ba, masu ƙoƙari su riƙe bibbiyu. Duk katin da ya rage, yana hannunka, kai ma ka shiga wasan.

Ga wanda katinsa ya riga ya wuce, ba shi aiki: kowa ya buɗe littafi, duk amsar da aka faɗa ya rubuta ta. A ƙarshe mai jerin 36 cif ya nuna cewa kunnensa na wurin.

Darasin minti 40 ne. Zai isa?

Zai isa, har da ƙari biyu. Minti 5 na raba kati da bayani, kuma kowa ya karanta nasa a zuci ya yi tunanin irin tambayar da za ta kira shi. Minti 12 na sarƙa. Zagayen farko yakan yi nawa, don haka rubuta lokacin da ya ɗauka a allo, domin shi za su yi ƙoƙarin karyawa a karo na gaba.

Minti 8 na jerin gwano. Mutum biyar su fito, kowa da takarda mai babban rubutu, su jera kansu daga ƙarami zuwa babba, aji na kallo. Da farko sunaye kawai. Daga nan ka cakuɗa: 900 MB, 1 GB, 2,000 KB, 0.5 GB, 1.44 MB. Jerin daidai shi ne 1.44 MB, 2,000 KB, 0.5 GB, 900 MB, 1 GB. Kusan kullum mai 2,000 KB zai tafi ƙarshen layi ya tsaya, domin lambarsa ta fi ta kowa girma. Kada ka yi saurin gyara masa. Bari aji su yi gardama, nan ne karatun yake.

Minti 10 na lodi, kamar yadda ake lodin mota a tasha. Kowane rukuni ya sami ma'ajiya ɗaya da jerin kaya: waƙa 4 MB, hoto 3 MB, bidiyo 600 MB. Waƙa nawa CD mai 700 MB zai ɗauka? 175. Hoto ɗaya zai shiga fulofi? Ba zai shiga ba. CD nawa cikakku za a juye a DVD ɗaya? Shida, da ɗan sauran wuri. Minti 5 na ƙarshe na gwaji ne a rubuce.

Me ya sa yara ke rikita RAM da memori, ko sau nawa aka faɗa musu?

Domin harshen kasuwa ya riga littafi shiga kansu. A bakin mai waya, "memori" shi ne ɗan katin da ake sakawa a zuba waƙoƙi da wa'azi da finafinai. A littafi kuwa, idan aka ce memori kai tsaye, galibi RAM ake nufi. Yaro ba wauta ya yi ba, kalma ɗaya ce aka ba shi da ma'ana biyu.

Yi amfani da abin da ya sani. Duk wanda ya taɓa raka wani sayen waya ya ji ana cewa "4/64" ko "8/128". Lambar farko RAM ce, ta biyu wurin ajiya. Sa kati guda biyu a kan haka: "Wa ke da abin da 4 ke nufi a waya mai 4/64?" da kuma na 64 ɗin. Sai dai ka lura kada amsar ta yi karo da katin RAM na farko. In ka sa wannan tambayar, cire waccan, ko ka juya ta yadda amsar za ta zama lamba.

Misalin rumbu da tabarmar shanya yana aiki sosai. Hadis rumbu ne: yana cin kaya da yawa, yana riƙe su shekara da shekaru, amma ɗebowa na ɗaukar lokaci. RAM tabarma ce: abin da ake aiki a kai yanzu shi ake bajewa, hannu na kaiwa nan da nan, amma ƙarama ce. Sai ka faɗa musu inda misalin ya gaza: hatsin da aka manta a tabarma yana nan har gobe in kaji ba su cinye ba, amma abin da ke RAM ɗauke wuta kawai ya ishe shi ɓacewa. Shi ya sa mai buga takarda a shagon kwamfuta ke salati in an ɗauke wuta bai adana aikinsa ba. Yaran sun san wannan salatin.

Akwai ruɗani na uku: "data". Wasu na ɗauka cewa sayen datar gigabayit 2 na ƙara wa waya wurin ajiya. Ma'aunin ɗaya ne, abin da ake aunawa ne daban. Data ita ce yawan abin da aka yarda ka jawo ko ka tura ta intanet, ajiya kuma wurin da za ka zuba shi.

Kilobayit bayit 1,000 ne ko 1,024? Wanne zan rubuta a kati?

Dukansu suna yawo, kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya zama daidai da na wata. Kwamfuta na ƙirga da bibbiyu, kuma in ka jera 2 guda goma ka ninka su da juna (2×2×2…) za ka sami 1,024, shi ya sa tun da can masu harkar suka kira shi kilo saboda kusancinsa da dubu. Masu ƙera hadis da filashi kuwa da 1,000 suke lissafi. A 1998 hukumar IEC ta ƙasa da ƙasa ta fitar da sunaye na daban ga lissafin 1,024, wato kibibayit da mebibayit da gibibayit, amma ba su shiga bakin jama'a ba, kuma Windows har yanzu da 1,024 take ƙirgawa tana rubuta GB.

Sakamakon haka kowa na iya ganinsa. Filashi mai 32 GB yakan nuna kusan 29.8 a Windows, ko ƙasa kaɗan. Mai 64 GB ya nuna wajen 59.6, hadis mai terabayit 1 ya nuna 931 GB. Ba cuta aka yi wa mai saye ba, mudu biyu ne. Cuta ita ce katin bogi da ke nuna 64 GB alhali ainihinsa 8 ne: yana karɓar kaya kamar ba komai, sai an zo buɗewa a tarar fayiloli sun lalace. Ana gane irinsa da manhaja kamar H2testw, wadda ke cika katin da bayanai ta sake karanto su.

A kati, bi littafin da makarantarku ke karantarwa da shi, wanda galibi 1,024 ne, domin da shi za a yi musu maki. Amma ka faɗa musu ɗayan ma yana nan, kuma kada ka sa 1,000 da 1,024 su zama amsoshi biyu a sarƙa ɗaya.

Akwai hanyar da za su ga bambancin bit da bayit da idonsu?

Fito da mutum 8 su jera. Wanda ya tsaya 1 ne, wanda ya tsuguna 0 ne. Kowannensu bit ne, su duka bayit ɗaya, rabinsu nibul. Harafin A babba a tsarin ASCII, wanda ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, lamba 65 ne, wato 01000001: na biyu da na takwas su tsaya, saura su tsuguna. Mutum 8 ɗin nan za su iya fitar da tsari 256 daban-daban.

Sannan ka kawo musu abin da ya shafi harshensu. A tsarin UTF-8 da yawancin shafukan intanet ke amfani da shi, harafin k bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne. Kalmar "kasa" bayit 4, "ƙasa" bayit 5. A saƙon tes ma, saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ guda ɗaya wayar za ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal.

Ka kuma nuna musu ƙaramar b da babbar B. Saurin intanet da bit ake auna shi, girman fayil da bayit. Layi mai gudun megabit 8 a daƙiƙa yana jawo megabayit 1 ne a daƙiƙa, don haka bidiyo mai 80 MB ba zai sauka ƙasa da daƙiƙa 80 ba. Mai rubuta katuna ya kula da wannan harafin, domin kuskuren malami a kati ya fi kowane kuskure daɗewa a kan yaro.

Da Hausa za a yi ko da Turanci?

Jarrabawar BECE da WAEC da NECO da Turanci ake rubuta su, don haka sunan kowane abu a kati ya kasance da rubutun da yaro zai gani a takardar jarrabawa. Tambayar kuwa, a karon farko rubuta ta da Hausa, ko ka bar mai karantawa ya fassara bayan ya karanta. A karo na biyu a yi da Turanci zalla. Wanda ya fara gane ma'ana da harshensa ba ya shan wahalar riƙe sunan. Malaman Jamhuriyar Nijar su lura cewa Faransanci octet yake ce wa bayit, shi ya sa a wayoyi da littattafansu ake ganin Ko da Mo da Go a maimakon KB da MB da GB.

Ya dace in kawo kayan gaske aji?

Ƙwarai. Masu gyaran kwamfuta da waya, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, ba sa rasa mataccen hadis da tsohuwar RAM da CD da ya karce. Hadis da aka buɗe ya fi kowane zane bayani: ga faifan da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, ga hannun da ke karantawa, sai yaro ya gane da kansa dalilin da faɗuwa ke kashe hadis ba ta cika kashe SSD ba. Kana iya ƙara musu cewa hadis na farko da IBM ya fitar a 1956 faifai 50 gare shi, kowanne faɗin inci 24, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 5 ba.

Hattara uku. Maganaɗisun cikin hadis na da ƙarfin da zai matse yatsa. Faifan wasu ƙananan hadis na gilashi ne, yana tarwatsewa in an lanƙwasa. Kuma kada a jona tsohuwar ma'ajiyar wani a kwamfuta don a ga abin da ke ciki: hotuna da takardun mutane amana ne, ga kuma haɗarin bairos.

In wanda ke da amsa ya yi shiru fa?

Ƙirga daƙiƙa 10 a zuci. In ba wanda ya miƙe, a maimaita tambayar. In har yanzu shiru, tambayi aji amsar, sannan mai katin ya miƙe ya faɗe ta da bakinsa ya ci gaba. Babu bulala, babu tsallen kwaɗo, babu dariya. Yaron da aka kunyata a wasa zai ɓoye katinsa a karo na gaba, sarƙar kuma ta mutu a hannunsa. Ba ma ba da shawarar maki ga ɗaiɗaiku. Ajin gaba ɗaya ne ke tsere da agogo, ko aji A da aji B.

Kai kuma sa ɗigo a takardarka a gefen duk tambayar da aka tsaya a kanta. Waɗannan ɗigon su ne darasinka na gobe.

Sau nawa za a buga, kuma ta yaya zan tabbatar sun koya?

Sau uku ya wadatar a zango ɗaya: bayan kammala darasin, bayan mako guda, sai kuma dab da jarrabawa. Kowane karo a cakuɗa katunan, kada kowa ya sake samun wanda ya riƙe a baya. In ba haka ba, lokacin zai yi ta raguwa a allo kana murna, alhali abin da suka haddace shi ne "bayan muryar wane sai ni".

Saurin sarƙa ba shaida ba ce, gwajin minti 5 ɗin nan shi ne shaida. Tambaya 5, littafi a rufe, kowa shi kaɗai, kuma aƙalla biyu su kasance cikin sigar da ba ta kan kati: "Wayar Malama ta cika, ta kasa ɗaukar hoto. RAM ce ta yi kaɗan ko wurin ajiya?" In fiye da kashi ɗaya cikin uku na ajin suka faɗi tambaya guda, sake koyar da wannan gaɓar a allo kafin a sake fito da katunan. A karo na uku, ba kowane rukuni farin kati 4 su rubuta nasu tambayoyin, kai kuma ka tace masu amsa biyu kafin ka haɗa su cikin sarƙar.